Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Nuna Ciwon Karkarwa Bai Tsaya Ga Hannu Ba

A cikin shekarar 1817 wani likita na birnin Landan, James Parkinson, ya buga ɗan littafi a kan mutum shida da ya lura da su, waɗanda hannuwansu ke karkarwa, suna tafiya a sunkuye da gajerun taku. A ganinsa jiki kaɗai ciwon ya ke kamawa, hankali yana nan daram. Ciwon ya ci sunansa har yau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun haura miliyan 8 da rabi a 2019. Amma a zancen hankali, likitocin da suka zo bayansa sun yi masa gyara.

Gyaran ya shafi wani aiki na ƙwaƙwalwa wanda kowa ke yi kullum bai sani ba. Ka sayi kayan naira 350 da na naira 480, ka miƙa wa mai kanti 1,000. Kafin ya ba ka 170, lalle ya riƙe kuɗin nan a ka, ya tara, ya ɗebe, sa'an nan ya manta da su domin mai saye na gaba. Wannan riƙo na ɗan lokaci kamar allo ne, a rubuta a wanke. Masana biyu na Ingila, Baddeley da Hitch, su ne suka tsara bayaninsa a 1974. Allon kuwa ƙarami ne ƙwarai, domin binciken baya ya nuna abin da ya ke ɗauka a lokaci guda bai cika wuce abu huɗu ba.

To, ta yaya za a ga wannan aiki alhali ƙoƙon kai a rufe ya ke? A 1990 wani masani Bajafane da ke aiki a Amurka, Seiji Ogawa, ya nuna cewa na'urar MRI, mai aiki da ƙarfin maganaɗisu, tana iya rarrabe jinin da ke ɗauke da iskar oksijin da wanda ya riga ya sauke ta. Duk sashen ƙwaƙwalwar da ya kama aiki, jini ya kan kwararo masa, na'ura ta nuna wurin. Kada masu karatu su zaci tunanin mutum ta ke karantawa. Sawun jini kawai ta ke bi, shi ma sai bayan daƙiƙa biyar ko makamancin haka.

Da wannan na'ura ne likitocin Jami'ar Kambirij suka yi gwajin da suka buga a 2003. Sun tara masu ciwon da bai yi nisa ba, suka raba su kashi biyu: waɗanda wata jarrabawar tsara dabara ta ba su wuya, da waɗanda suka ci ta kamar masu lafiya. A wajen jiki kuwa kashin biyu ba su da wani bambanci, likita ya dube su ba zai rarrabe ba. Aka shigar da kowa cikin na'ura, aka nuna masa baƙaƙe huɗu ya riƙe a ka, wani lokaci a ce ya maido su yadda su ke, wani lokaci a ce ya sake musu jeri, misali ya kawo biyun ƙarshe gaba. Hoto ya nuna aiki ya ragu a wurare biyu ga kashin farko: ƙwaƙwalwar gaba da ke bayan goshi, da wani curi can ciki wanda likitoci ke kira kaudet, watau mai wutsiya, saboda siffarsa. Raunin ya fi fitowa wajen sake jeri. Watau rubutun yana kan allo, juya shi ne ya yi nauyi. Wannan shi ya sa dattijon da bai manta sunan jikokinsa ba ya kan rikice in an jero masa saƙo uku a numfashi ɗaya, mutanen gida su ɗauka taurin kai ne ko gigin tsufa. Ba a yi masa adalci ba. A ba shi saƙon ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa zai isar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun 1960 masana a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka gano wani sinadari mai suna dofamin ya yi ƙaranci ƙwarai a wannan yanki na ƙwaƙwalwar masu ciwon. Hanyar da ke sarrafa motsi da wadda ke haɗa mai wutsiya da bayan goshi maƙwabta ne, dukansu da dofamin su ke aiki. Maganin lebodofa, wanda ya kafu a asibitoci daga 1967, shi ke cike giɓin, kuma hotuna sun nuna ya kan gyara aikin bayan goshi sa'ad da a ke irin wannan jarrabawa. Sai dai akwai tarko. Ciwon ba ya cin ko'ina daidai, saboda haka ma'aunin da ya ishi wurin da ya lalace ya kan yi wa wurin da ke da sauran lafiya yawa, har koyo daga kuskure ya raunana.

Akwai kuma ciwon Huntington, wanda a ke gado, mai sa gaɓoɓi fizge-fizge. A 2007 likitocin birnin Ulm na Jamus sun gwada mutanen da suka gaji ƙwayar ciwon amma bai bayyana gare su ba tukuna. Sun ci jarrabawar riƙo kamar kowa, amma hoto ya nuna aikin bayan goshinsu ya riga ya soma raguwa. Duk da haka, waɗannan hotuna na masu bincike ne, ana haɗa na mutane da yawa kafin a ga bambanci. Likitan da aka kai wa mai karkarwa, da ido da hannu da tambaya ya ke gane ciwon Parkinson, kuma ya kamata a gaya masa zancen rikicewa kamar yadda a ke gaya masa na hannu.