Wanke mota a hunturu: Darasi daga kasuwannin Umdurman

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka a Suk Libiya, babbar kasuwar da ke yammacin birnin Umdurman na ƙasar Sudan, ya san cewa mota ce jarin da ke ɗauke da sauran jari. Tun daga tsofaffin manyan motocin Bedford da 'yan Sudan ke kira Sifinja, har zuwa a-kori-kura ƙirar Hilux da suke ce wa Boksi, a kansu ake jigilar riɗi da zoɓo da ƙaro da dabino da sukari. Shi ya sa yadda ake wanke mota, musamman yadda ake busar da ita a lokacin sanyi, ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai kaya.

Sanyin Umdurman da Khartum yana kamawa ne daga Disamba zuwa Fabrairu, kusan daidai da hunturunmu. Iska ce busasshiya ke kaɗowa daga arewa, da asuba awon zafi kan sauka zuwa kimanin digiri 15, da rana kuma ya haura wajen 30. Ruwa ba ya daskarewa a jikin mota kamar yadda yake yi a Turai, inda makulli da robar ƙofa kan ƙanƙare bayan wanki. Matsalar a nan ita ce ƙura da zartsi.

Idan aka wanke mota aka bar wa iska ta busar da ita, ruwan zai tafi, amma gishirin da ke cikinsa zai zauna a kan fenti da gilashi, ya bar fararen ɗige-ɗige. Da zarar rana ta gasa su, omo ba ya fitar da su cikin sauƙi. Abin ya fi tsanani a unguwanni irin su Umbadda, waɗanda ke nesa da Kogin Nilu, inda jama'a da dama suka daɗe suna dogaro da rijiyoyin burtsatse da ruwan da ake sayarwa a amalanken jaki. Bugu da ƙari, jiƙaƙƙiyar mota tana kama ƙura nan take, kuma yaron mota da ya bi ta da busasshen tsumma tamkar ya goge ta da yashi ne. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ta waɗannan ƙananan karce tsatsa ke shiga.

Hanyar kauce wa haka ba ta da tsada. A yi wankin da hantsi, a inuwa, a wurin da gini ya tare iska. A fara daga sama zuwa ƙasa, ana wankewa ana tsanewa sashe-sashe da tsumma mai laushi da aka jiƙa aka matse. Tsumman tayoyi daban, na bodi daban. Daga nan a buɗe ƙofofi da but, a tsane robobinsu, a fitar da kafet a shanya, domin damshin da ya kwana a ƙarƙashinsa shi ke cinye ƙarfen daɓen mota. Kada a watsa ruwan sanyi a kan inji mai zafi, kada kuma a zuba ruwan zafi a gilashin da ya kwana a sanyi, domin yana iya tsagewa. Bayan an gama, direba ya ɗan zagaya a hankali yana taka birki har ya bushe, tun kafin ya hau babban titi.

Ga masu manyan motoci, babbar asara tana cikin bodi. Katako yana shan ruwa, kuma da sanyi yakan daɗe bai saki ba ko da samansa ya bushe. Buhun sukari ko fulawa da aka ɗora a kai zai dunƙule, zoɓo da riɗi kuwa su yi fumfuna ƙarƙashin tamfol kafin a isa. Mai kaya yana da haƙƙin ya hau ya taɓa daɓen da hannunsa kafin a fara lodi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya durƙusar da waɗannan kasuwanni, ya kuma datse tsohuwar hanyar alhazai da fatake da ta taso daga Kano da Maiduguri ta bi ta Abeche da Adre da Al-Junaina. A watan Maris na 2025 sojoji suka ƙwato Suk Libiya, sannan a watan Mayu na shekarar hare-haren jirage marasa matuƙa suka katse wuta da ruwan famfo, kwalara ta ɓarke. A irin wannan hali, bokiti biyu da tsumma mai kyau sun fi tiyo amfani.

Darasin ya shafi 'yan kasuwarmu na Jibiya da Illela da Maigatari da Ƙonni, domin iskar ɗaya ce, ƙurar ma ɗaya ce. Masu sayen motocin Kwatano kuma su riƙa leƙa ƙarƙashinsu, saboda da yawa sun fito ne daga ƙasashen da ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma damshi kaɗan ya isa ya tayar da tsatsar da ta kwanta. Allah Ya kawo zaman lafiya a Sudan, Ya ba kowa kasuwa mai albarka.