Sirinjin da ke lalubo gurbin allurar baya

Gurbin da ake zuba maganin kashe zafin naƙuda a gadon baya siriri ne ƙwarai, 'yan milimita kaɗai, a wajen tantanin da ya lulluɓe laka. Likita ba ya ganinsa, da hannu yake lalube. Shi ya sa ake ƙera masa sirinji mai sulɓi sosai, a ɗura ruwan gishiri ko iska. Muddin allura tana cikin jijiya mai tauri, ruwan ba ya tafiya. Da zarar ta faɗa gurbin, sai ya zarce ba turjiya. Likitan Italiya, Dogliotti, ya yaɗa dabarar a 1933. Aikin yana buƙatar natsuwa, domin in allura ta zarce kaɗan ta huda tantanin, mai jego tana iya shan matsanancin ciwon kai.