Sandar Giya Ta Tsohon Injin Kwalekwale

Duk wanda aiki ya taɓa kai shi makarantun da ke bakin kogin Kwara, daga Yawuri zuwa Lakwaja, ya san injin da a ke rataya wa kwalekwale a baya. Wani mutumin Amurka mai suna Ole Evinrude ya shahara da ƙera irinsa tun 1909. A 2020 aka daina yin sabon inji mai wannan suna, amma tsofaffin suna nan suna aiki, su da irin na Yamaha.

Wata damina muna ƙetarawa da littattafan jarrabawa, sai muka ji gum, kamar mun daki kututture. Inji ya yi ta kuka, jirgi kuwa ya daina gaba, ruwa ya fara janmu. Da filafilai muka kai gaci. Da aka bincika, ashe noti ɗaya ne ya kwance.

Ga yadda abin ya ke. Daga mariƙin da matuƙi ya ke turawa akwai wata siririyar sanda ta ƙarfe wadda ta bi ƙafar inji har akwatin giya da ke cikin ruwa. A can akwai giya biyu, ta gaba da ta baya, suna juyawa kullum muddin inji yana aiki. Tsakaninsu akwai wani zobe mai haƙora a kan sandar farfela. Sandar giya ita ke tura zoben nan ya kama ta gaba ko ta baya, ko ya tsaya tsaka, watau firi. In sanda ta lanƙwashe, ko mahaɗinta ya yi sako-sako, sai zobe ya kama rabi-rabi. Yau da gobe haƙoransa su dushe, giya ta riƙa fita da kanta.

Gyaran kuwa ba shi da wuya in an yi shi da wuri. Da fari a kashe inji, a cire wayar fulogi don kada ya tashi hannu yana kan farfela. A sa mariƙi a firi, a juya farfela. Lalle ta juya ko'ina ba ƙara. Sa'an nan mutum ɗaya ya riƙa juya ta a hankali, ɗaya ya sa giyar gaba, daga baya ta baya. Wadda ba ta kama sosai ba, a nemi mahaɗin sandar sama da ta ƙasa, a sassauta notinsa, a daidaita tsawon kaɗan kaɗan har duka biyu su kama, a ɗaure. A kankare tsatsa, a shafa giris. A duba man giya kuma: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a sake robar da ke tare shi. In an yi duk wannan giya ba ta daina fita ba, haƙora sun riga sun cinye, sai makaniki ya buɗe akwati.

Matuƙa da yawa suna zaton tausaya wa inji shi ne a sa giya sannu sannu. Wannan kuskure ne, gama ƙarar da a ke ji ta haƙora ce suna cin juna. A rage wuta tukuna, sa'an nan a tura mariƙi gaba ɗaya.

Muna roƙon malamai da akawunan da jirgin ofis ke hannunsu su sa a yi wannan gwaji a tudu kafin ruwa ya kawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.