Yaji: Barkono da Abokan Dakansa

Yaji gari ne da ake haɗawa da busasshen barkono da kayan ƙamshi, a daka su tare, a riƙa barbaɗawa a kan abinci bayan an sauke shi. A Tafoki da sauran ƙauyukan Faskari, Kankara da Sabuwa, da wuya a shiga gidan da babu gwangwaninsa, domin shinkafa da wake, ɗan wake, dambu da dafaffen rogo duk lami suke in babu shi.

Barkono shi ne jigo, amma baƙo ne a cikin haɗin. Asalinsa nahiyar Amurka ne, bai fito daga can ba sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492, sannan 'yan kasuwar Fotugal suka yaɗa shi a gaɓar Afirka. Tun kafin zuwansa mutanen yankin nan suna da kimba da masoro da citta mai 'ya'ya, su ne masu ba miya zafi. Kanumfari kuwa daga tsibiran Indunusiya ya samo tushe, sunansa ma daga Larabci aka aro shi. Citta mai yatsu da ake sayarwa a kasuwannin Funtua da Sheme yawanci daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia da Kwoi.

Zafin barkono daga wani sinadari yake, wanda masana ke kira kafsaisin, kuma ya fi taruwa a farar jijiyar da 'ya'yan suke manne da ita. Ba ya narkewa sosai a ruwa, a mai yake narkewa. Shi ya sa wanda yaji ya kama in ya kwankwaɗi ruwa bai tsira ba, nono ya fi kashe masa raɗaɗin, kuma shi ya sa mai da yaji suke tafiya tare a kan garau-garau.

Wajen daka ne ake gane gwana. Sai barkonon ya bushe ƙayau, har yana ƙara in an damƙe shi, sannan a cire hancinsa. Citta da kimba ake fara zubawa a turmi saboda taurinsu, barkono ya biyo baya, gishiri da dunƙule su zo a ƙarshe. Akan ɗiga ɗan man gyaɗa don garin ya kwanta, in ba haka ba atishawa ta kori kowa daga tsakar gida. A tankaɗe da rariya, a mayar da tsakin turmi, a sake kirɓawa. Injin niƙa ya rage wahala, sai dai yakan gauraya yajin da ragowar abin da aka niƙa kafinsa.

Kowane yaji da aikinsa. Na tsire da balangu ƙuli-ƙuli ne ya fi yawa a ciki, shi ke kama jikin nama a bakin wuta. Yajin daddawa na tuwo ne da miyar kuka. Yajin jego, wanda dangi ke daka wa mai haihuwa, shi ya fi kowanne cika da citta, kimba, masoro da kanumfari, don a al'adance ana ganin yana ɗumama jiki. A Amurka ma akwai haɗin garin barkono da kayan ƙamshi irin na yaji, wanda aka fara sayarwa a Texas cikin shekarun 1890, sai dai ƙamshinsa daban ne, zafinsa kuma bai kama ƙafar barkono tsiduhu ba.

Babban abokin gabar yaji shi ne danshi. Barkonon da aka shanya a ƙasa ko aka tara bai gama bushewa ba yakan yi fumfuna, wadda ke iya haifar da gubar afulatoksin mai lahanta hanta, kuma daka ba ya kashe ta. Akwai kuma algus: wasu kan ƙara dusa don auki, su zuba kala don ja. A 2005 an janye ɗaruruwan kayan abinci daga shagunan Birtaniya saboda rinin Sudan 1 da aka samu a garin barkono. Jan da ya wuce kima, mai rina yatsa, abin tuhuma ne. Yajin da aka daka da kyau, aka rufe a busasshiyar kwalba nesa da rana da tururin murhu, yakan yi watanni ƙamshinsa bai tafi ba.