Farin Fili Ma Aiki Ne

Wata ranar Laraba da hantsi wani Alhaji mai sayar da takin zamani da maganin feshi ya shigo shagona a Ƙauran Namoda. Daga Shinkafi ya taso, yana son a buga masa bana kafin kasuwar Alhamis. Na riga na tsara: sunan shago da manyan haruffa, lambar waya a ƙasa, hoton buhun taki guda ɗaya, sauran wurin kuma fari fat. Ya tsura wa kwamfuta ido, can ya ce, "Malam, wanga fili da kab bari fari, ba na biya kuɗɗinai ba?" So yake a sa masa tarakta, da tutar Najeriya, da jan fure, da hotonsa sanye da babbar riga. Na ce, "Alhaji, wanda ke kan babur daƙiƙa biyu gare shi ya karanta. In muka cika masa ido, ko lambar ba zai ɗauka ba." Muka yi ciniki irin na 'yan kasuwa: ya bar mini furen da tutar, na bar masa hotonsa.

Shekara da shekaru ke nan ina wannan gardama da masu kawo aiki. Na fara ne da buga wa ɗalibai takardun kammala karatu a wani shago kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garinmu, wadda aka kafa a 1983. A nan na koyi CorelDraw, manhajar da kusan duk mai zane a Arewa ya yi rarrafe da ita. Daga katin biki na koma kalanda, daga kalanda na koma fostar 'yan siyasa, yanzu kuma ina taɓa shafukan intanet da ɗan zane mai motsi. Abokai kan tambaye ni wa nake kallo, wa nake saurare, daga wa nake koyo. Amsar takan ba su dariya, domin babban malamina a wannan sana'a bai taɓa ganin kwamfuta ba.

Ibrahim Narambaɗa nake nufi, mutumin Tubali da ya rasu a farkon shekarun 1960, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ku saurari waƙarsa Bakandamiya da kunnen mai gini. Akwai gindin waƙa, wanda 'yan amshi ke komawa kansa kowane lokaci. Akwai ɗiyan waƙa, inda jagora ke fita yawo: ya yabi sarki, ya yi wa wani zambo, ya yi wa wani habaici, ya wasa kansa. Duk nisan da ya yi, kotso na riƙe da shi, kuma gindin yana nan yana jiransa. Mai sauraro ba ya ɓata. Shafin intanet mai kyau haka yake. Sunan ma'aikata da jerin ƙofofin shiga su ne gindi, dole su zauna wuri ɗaya a kowane shafi. Labarai da hotuna su ne ɗiya, su ne ke canzawa. Duk shafin da ka shiga ka rasa hanyar komawa farko, mai shi ya yi waƙa ce ba amshi.

Abu na biyu da na ɗauka wurinsa shi ne numfashi. Narambaɗa yakan jefa magana mai nauyi, sai ya ja baya ya bar 'yan amshi da kiɗa su ɗauka, kai kuma ka samu damar tauna abin da ka ji. Wannan ja da bayan shi ne farin filin da Alhaji ke neman a cike masa da fure. Masu zayyanar allo sun san haka tun tuni, haka ma maɗinkan da ke yi wa riga aska takwas: ado a aljihu da wuya yake, sauran rigar an bar ta ta sha iska.

In dare ya yi aiki ya ƙi ƙarewa, Kassu Zurmi nake kunnawa. Makaɗin 'yan tauri da mafarauta ne, muryarsa ba a goge ta ba, kuma nan daɗinta yake. Ɗanƙwairo kuwa na safe ne, don jin yadda muryoyi da yawa ke hawa kan juna ba tare da sun yi karo ba. Waƙoƙin fiyano na yanzu ba na ƙin su, akwai waɗanda nake so ƙwarai. Abin da ke gundurata shi ne yadda ake zuba wa kowace murya na'urar gyaran murya har ka kasa bambanta mawaƙi da mawaƙi. Cutar ɗaya ce da ta fostocinmu: duk abin da manhaja ta iya, sai an danna shi.

Maganar shafukan intanet kuwa, wanda bai zauna a wannan yanki ba ba zai fahimci ma'aunina ba. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako. Gusau ta samu nata sabis bayan kusan wata guda, mu na ƙananan hukumomi muka ƙara makonni muna jira. Mai son kiran ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya fita jiha. A lokacin na ga abin da ke rayuwa da abin da ke mutuwa. Duk wani kyakkyawan shafi da na taɓa yi ya zama kamar rijiyar da ba guga. Abin da ya ci gaba da yawo shi ne wanda ke cikin memori, wanda ake turawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth da Xender a wurin masu caji: wa'azi, waƙa, gajeren bidiyo, hoton sanarwa.

Ba mu kaɗai ba ne a haka. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan Buzaye daga yankin Tawa a Nijar, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008. Ta memori da Bluetooth waƙoƙin suka ratsa Sahara, kafin Turawa su ji su su neme shi. Yau yana zagaya Amurka da Turai.

Tun daga wancan lokaci, kafin in miƙa kowane shafi ga mai shi, sai na gwada shi a wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da nake ajiye a aljihun tebur. Ina tuna malamin firamare a Zurmi da ya sayi data kaɗan, sabis sanda ɗaya, rana na dukan fuskar wayar. In shafin ya tsaya yana juyawa, na koma aiki. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabayit huɗu, alhali ana iya matse shi ya koma kilobayit ɗari ba tare da ido ya ga bambanci ba. Bidiyon da ke kunna kansa da kansa sata ce daga aljihun talaka. Rubutu mai ruwan toka a kan fari ba ya karantuwa a rana. Shi ya sa in aka ce in nuna shafin da ya burge ni, nakan nuna Wikipedia ta Hausa. Ba ta da ado ko kaɗan, amma tana buɗewa a inda masu ado ke maƙalewa. Shafin BBC Hausa ma ya san masu karatunsa: kanu, hoto ɗaya, labari. Su kuwa yawancin 'yan kasuwarmu, gaskiyar da nake faɗa musu ita ce ba shafi suke buƙata ba. Hoto ɗaya mai tsabta da za a sa a WhatsApp, da farashi da lamba, ya fi musu amfani. Na sha rasa kuɗi saboda wannan shawara.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan ci mini rai, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ. Na taɓa zuwa wani ɗaurin aure na tarar da ƙaton bana an rubuta "Barka da zuwa manyan baki". Baƙi aka gayyata, aka tarbe su da baki. Tun shekarun 1930 aka tsayar da waɗannan haruffa a rubutun boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939 ta raine su, a zamanin da ake jera haruffan dalma da hannu. Yanzu da komai ya yi sauƙi muka yar da su. Uzurin da ake bayarwa shi ne wasu nau'o'in haruffa ba su da su, in ka rubuta sai akwati ya fito maka a madadin ƙ. Gaskiya ne, amma maganin kyauta ne. Noto na Google yana da su, Andika da Charis na ƙungiyar SIL suna da su. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, sai dai ka shiga ka zaɓa. Har ajami an yi masa: akwai nau'in da ake kira Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannun malaman Kano. Ranar da na fara ganinsa a kwamfuta na daɗe ina kallo, kamar na ga allon makarantarmu ya shigo gilashi.

Sai zane mai motsi, wanda yara ke kira katun. Ga yadda abin yake a taƙaice: hotuna ne tsayayyu ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu zane da hannu sukan yi 12, kowanne ya fito sau biyu. Ke nan minti ɗaya zane 720 ne. Wanda ya san wannan lissafi ba zai ƙara raina Tom and Jerry ba. Tun 1940 William Hanna da Joseph Barbera suka fara shi, kusan ba magana a ciki, amma ku rage sautin ku gani: rabin dariyar ta tafi. Kowane taku na kyanwar yana kan kiɗa. Mai kalangu da ke bin ƙafar ɗan dambe ya san wannan sirri.

Gwanina a wannan fage maƙwabcinmu ne, kuma da wuya ka ji ɗan Arewa ya ambace shi. Moustapha Alassane, haifaffen Nijar a 1942, yana cikin 'yan Afirka na farko da suka yi zane mai motsi. Ya yi aiki tare da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan fim na 'yan mintuna, baƙi da fari, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki da duk wani faretin girma da ka sani. Layuka ne 'yan kaɗan, amma habaicin ya isa inda aka aike shi. Daga baya ya yi Kokoa, wato kokawa, da 'yan tsana na dabbobi da yake motsawa kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto. A Tawa ya yi zamansa na ƙarshe, cikin Hausawan Adar, ya rasu a 2015. Mutumin nan bai jira an kawo masa kayan aiki daga Faransa ba.

A gida Najeriya ina jinjina wa Adamu Waziri, mai Bino and Fino, saboda ya ba yaranmu yara masu kama da su. Iwájú na Kugali da Disney da ya fito a 2024 ya yi kyau, sai dai Legas ce, kuma kuɗin Amurka ne. Wanda ya hana ni barci shi ne Flow, na wani matashi ɗan Latbiya, Gints Zilbalodis: labarin kyanwa a cikin ambaliya, ba kalma ko ɗaya. Ya ci kyautar Oscar a 2025, kuma da Blender aka yi shi, manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta. Irinta ce a laftof ɗina. Daga ranar na daina cewa kayan aiki ne matsalarmu. Wuta matsala ce, wannan kam ba musu, sola nake lallaɓawa. Amma labari muna da shi har ya yi yawa: Gizo da Ƙoƙi, akun nan na Magana Jari Ce, yaƙin Alƙalawa na 1808 da Namoda ya halarta, zuwan jirgin ƙasa Ƙaura a 1929.

Na san wani zai ce ina hukuncin zanen abu mai rai. Tambaya ce da ta dace, ni ma na kai ta gaban malamai, na tarar akwai saɓani, musamman a kan abin da aka yi don koyar da yara. Kowa ya tambayi malaminsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga haruffa, ga dagi, ga zayyana, duk ana iya motsa su.

Ni dai abin da na sa a gaba shi ne doki. Narambaɗa yana da waƙar Dokin Iska Ɗanhilinge, kuma tun ina yaro in na ji ta nake ganin dokin a idona. Na ɗauka zana sukuwa abu ne mai sauƙi, sai da na gwada dokina ya fito yana tafiya kamar tebur. Dole na koma ga hotunan da Eadweard Muybridge ya ɗauka a Kalifoniya a 1878, waɗanda suka nuna cewa akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke sama, a tanƙwashe ƙarƙashin cikinsa. Na kuma yi ta zuwa hawan salla ina ɗaukar bidiyo, ina rage masa gudu, ina duba yadda jela da lijami ke biyo bayan jiki. Sannan ga wahalar daidaita kofato da bugun kotso.

Wata bakwai ke nan, dokin ya yi gudun daƙiƙa goma sha ɗaya, a kan farin fili, ba itace ba gajimare. Babbar matsalata yanzu sauti ce, domin kwafin da ke yawo a wayoyi an matse shi har kotson ya dusashe. Don Allah duk wanda ke da tsohon kaset ɗin Narambaɗa ko na Kassu a cikin adakar mahaifinsa, a Shinkafi ne ko Zurmi ko Isa, kada ya bari zafi da ƙura su cinye shi. Ya kai wa mai kwamfuta mafi kusa da shi a juye, kuma ya ce kada a matse.