Siminti a Jikin Tubali: Gyaran da Ke Cin Tsofaffin Gidaje

A unguwar Nasarawa ta Kano akwai wani gidan ƙasa mai bene wanda ya haura shekara ɗari yana shan ruwan damina, kuma har yau yana nan tsaye da zankwayensa da zanen da ke fuskarsa. Gidan Ɗan Hausa ake ce masa. Ɗan Hausan kuwa Bature ne, Hanns Vischer, haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwizalan, wanda ya shiga aikin Turawan Ingila, ya keta Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, sannan ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Iya Hausarsa ce ta jawo masa laƙabin. Gidan da ya zauna a ciki aikin maginan Kano ne, da tubali da azara, kuma yanzu yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

A cikin birni akwai yayansa, Gidan Makama, wanda ake danganta asalinsa da zamanin Muhammadu Rumfa, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ma yana tsaye, ya zama gidan tarihi. Sa'o'in waɗannan gidaje kuwa, a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, kowace damina sai an rasa wasu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka zube ba yasar da su aka yi ba. An kashe musu kuɗi. Gyaran ne ya gaggauta ajalinsu.

Kafin a ga yadda hakan ke faruwa, sai an san yadda aka gina su. Magini yakan sa a haƙo jar ƙasa mai birji daga kududdufi, a jiƙa ta, a tattake ta da ƙafa, a zuba busasshiyar ciyawa, a bar ta kwanaki ta tsima, a sake kwaɓawa. Daga nan ake murza tubali da hannu: gindi mai faɗi, kai mai tsini, a jera a rana har ya bushe ƙarau. In an zo ɗora bango, tsinin ne ke kallon sama. Yaron magini yana ƙasa yana cilla tubali da curin ƙasa, maigidansa yana zaune a kan bangon yana cafewa, yana jerawa, yana cike tsakani da kwaɓi. Ba a yi wa aikin gaggawa, domin sai layin da aka ɗora ya sha iska kafin a hau kansa. A manyan gine-gine kaurin bango daga gindi yakan kai mita guda ko fiye, yana tafiya yana sirancewa. Wannan kauri ne ke sa ɗakin soro ya yi sanyi da tsakar rana a watan bazara: zafi yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa bangon, sai dare ya yi sannan ya iso ciki, lokacin da gari ya huce.

Rufi kuwa aikin azara ne, wato faskaren giginya, icen da gara ba ta son sa. Azara guda ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo. Ana kafa azara a jikin bango tana karkata ciki, a ɗaura wata a kanta ta ƙara gaba, haka daga ɓangarori biyu har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. In bakuna suka gitta juna aka samu ɗaurin guga, sai ka ga zaure mai faɗin gaske babu ginshiƙi a tsakiyarsa.

Duk wannan gini, abokin gabarsa ɗaya ne: ruwa. Laka tana kumbura in ta jiƙe, ta tsuke in ta bushe, ƙarfinta kuma yana tare da bushewarta. Magina sun san haka, don haka suka yi wa ruwa hanya maimakon su tare shi. Saman soro ana yi masa ɗan gangare zuwa indararo, indararon ya zarce waje sosai don kada ruwa ya zubo a gindin bango. Jikin bango ana yi masa yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka kwaɓa da ƙasa, mai sa ruwan sama ya zame. Masu hali sukan yi laso, haɗin katsi daga marina da gashin jima daga majema da dafara. Yaɓen makuba da laso suna kore ruwan sama, amma suna barin laimar da ke cikin bango ta fita. Bangon yana jiƙa kaɗan da damina, ya bushe da kaka. Yaɓen yana zaizayewa, dama don ya zaizaye aka yi shi, kuma sabunta shi kafin ruwa ya sauka ya fi sake bango arha nesa ba kusa ba.

Sai siminti ya shigo. Mai gida ya gaji da yaɓen shekara-shekara, aka ce masa ga abin da za a shafa sau ɗaya a huta. Shekarar farko da ta biyu gida ya yi kyau, an shafa fenti, maƙwabta suna barka. Amma siminti da ƙasa ba jinsi ɗaya ba ne. Siminti tauri gare shi, ba ya lanƙwasa, kuma ba ya kama jikin ƙasa da gaske, shi ya sa wasu ke kafa ƙusoshi ko wayar kaji don su riƙe shi. Ƙasar da ke bayansa tana motsi da zafi da laima, shi kuma yana nasa motsin daban, ba a daɗewa sai siraran tsagogi su bayyana. Ruwan sama yana bin tsagar ya shige, fita kuma ta gagara, domin simintin ya rufe hanyar da laima ke bi ta tafi. Kamar mutum ne ya sa rigar leda a watan Afrilu: ruwan sama ba zai taɓa shi ba, amma gumin jikinsa zai jiƙa shi sharkaf.

Akwai kuma ruwan da ke tasowa daga ƙasa. Bango yana tsotsar laima ta ƙananan kafofin da ke jikinsa, tana hawa sama, tana ɗauke da gishiri. In ta fita ta bushe, sai gishirin ya rage ya zama ƙanƙara-ƙanƙara a cikin kafofin yana marmashe ƙasar, abin da ake gani fari-fari a gindin tsofaffin katangu. Da aka yi wa gindin bango zagayen siminti, aka malale tsakar gida da tayil, laimar ba ta daina zuwa ba. Wurin fita ta rasa, sai ta ƙara hawa, ta ɓullo a saman inda simintin ya tsaya, ko ta zauna ciki tana narkar da tubali.

Duk mai irin wannan gida zai iya gwadawa da kansa. Ka ƙwanƙwasa filastar da bayan yatsa a wurare da dama. Inda ta kama, sautin a dunƙule yake. Inda ta saki, za ka ji amon fanko. In ka ɓanɓare ɓawon a nan, sau da yawa abin da zai zubo maka gari ne mai ɗanshi, wani lokaci da gara a ciki, kuma bangon da ka sani mai kauri ya rame ba ka sani ba. Haɗarin ke nan. Bangon ƙasa tsirara in yana ciwo kowa na gani, a yi masa magani. Wanda aka rufe da siminti yakan yi shiru har daren da zai zo ƙasa gaba ɗaya.

Ba mu muka fara wannan kuskure ba. A Ingila, inda Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin zamani a 1824, tsofaffin gidajen jan bulo da farar ƙasa da yashi aka haɗa su. Da aka riƙa ƙwaƙule tsohon haɗin ana cike gurbinsa da siminti, ruwa ya koma fita ta jikin bulon, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskokin bulo suka yi ta ɓarewa. Masu kula da tsofaffin gine-gine a can sun daɗe da tsayawa a kan ƙa'ida guda: abin da za a liƙa wa bango kada ya fi bangon tauri. Tun 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, kiran da suke yi kuwa shi ne a riƙa ɗan gyara kullum don kada a kai ga babban gyara.

Siminti ba shi kaɗai ba ne. Ana cire rufin soro a ɗora kwano ba tare da an bar masa baki mai tsawo ba, ruwa ya riƙa dukan bango. Ana fasa bango a shigar da bututun famfo, ya yi ta yoyo a ɓoye. Ana faɗaɗa taga a yanke azarar da ke riƙe da samanta. Gwamnati ta yi titi da kwalbati, ta ɗaga hanya sama da daɓen zaure, ruwan unguwa ya samu masauki.

Manyan gine-gine ma ba su tsira ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu a farkon rabin ƙarni na 19, shi ne abin da masana ke nunawa in ana maganar ƙololuwar ginin Hausa. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na kankare, tsohon ya koma ciki. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. A Satumbar 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya zube bayan ruwa mai yawa. A Kano kuwa wasu ƙofofin ganuwa an rushe su don faɗaɗa hanya, aka maido da su da bulo da siminti, ga siffar ga sunan, amma aikin hannun magabata ya tafi. Sa'ar da aka yi, wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna gine-ginen Najeriya da dama ya zana su dalla-dalla, har aka gina kwafin masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Dokar Najeriya ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana a rushe ko a sauya ginin da aka ayyana a matsayin abin tarihi sai da izini. Amma gine-ginen da aka ayyana ba su da yawa, kuma dubban gidajen gado da ke lungunan birni ba sa ciki. A nan ba na ganin laifin mai gida sosai. Gida ne na magada goma sha, kowa na jiran wani ya sayi makuba. Matar gida ta gaji da share ƙasar da ke zubowa. Samari suna jin kunyar kai amarya ɗakin ƙasa. Wanda ke ba da shawarar a bar gida yadda kakanni suka bar shi, sau da yawa shi kansa a gidan siminti mai na'urar sanyaya ɗaki yake kwana. In al'umma na son gidan ya tsaya don tarihinta, ai da ta ɗauki wani kaso na kuɗin yaɓen.

Kuma tsayar da gida ba ya nufin hana shi canzawa. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta fifita kayan asali da dabarun gargajiya wajen gyara, ta kuma ce a tsaya inda sani ya ƙare aka shiga kintace. Takardar Nara ta 1994 ta ƙara da cewa kowace al'umma da yadda take auna asali, wanda ya yi wa ginin ƙasa daidai, tunda fatarsa ta bana ba ita ce ta bara ba. Ana iya sa wuta, a jawo ruwa ta waje, a yi banɗaki na zamani nesa da tsohon bango, a buɗe magudana, gida ya zauna lafiya. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari sukan fito kwansu da kwarkwata kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu, ko da yake can ma masana sun tarar yaɓen da ya taru shekara da shekaru ya yi wa ginin nauyi, sai da aka rage. A Agadas, da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013, hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 tana tsaye saboda ana hawa ana gyara ta. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986, shaidar cewa sana'ar ba ta zama labari ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne hannu da kaya. Sarautar Sarkin Magina tana nan a garuruwa da dama, amma 'ya'yan gidan magina da yawa sun koma bulo, domin can kasuwa take, kuma ɗaurin guga ba a koyon sa daga takarda. Laso yana buƙatar katsi, katsi kuwa sai rijiyoyin marina suna aiki, ga shi yawancin na Ƙofar Mata a Kano sun daina. Makuba sai da ɗorawa, ana kuwa sare ta a yi gawayi. Azara mai kyau sai daga giginyar da ta tsufa ta ƙosa, abin da ke ɗaukar shekaru masu yawa, masu sara kuma sun fi masu shuka yawa. Magini na iya yarda ya gyara maka soron kakanka a watan Maris, kafin hadari ya fara haɗuwa, amma tambayar da zai fara yi maka ita ce ko ka san inda za a samo azarar.