Yadda Adar ta koyi tare ruwan sama

Wanda bai san Adar ba zai ɗauka rashin ruwa ne kaɗai matsalarta. Manomin Tabotaki, a gundumar Buza ta jihar Tawa, ya san da sauran magana. Hadari kan haɗo, a kwarara ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma kafin a shanya tufafi ya gangare daga kan duwatsu, ya bi ta kan fako, ya faɗa korama da ƙasar gona a bayansa. Washegari a sa fartanya a tarar ƙarƙashin a bushe. Aikin da aka shafe shekaru kusan hamsin ana yi tsakanin Buza, Keita da Madawa shi ne a hana ruwan nan gudu.

Da iska aka fara. Bayan wani ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, ya nemi taimakon ƙungiyar CARE, a 1975 aka soma dasa dogon yaro a kwarin Majiya, inda iskar farkon damina ke binne shuka da rairayi har sai an sake iri. Aka jera itatuwan layi bibbiyu, tazarar mita 100 tsakanin wannan jeri da wancan. Manoma sun yi ƙorafi, kuma da gaskiyarsu, domin itacen ya ci musu wuri, inuwarsa ta danne hatsin da ke kusa. Duk da haka awon da aka yi daga baya ya nuna amfanin gonakin da ke bayan jerin ya ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin biyar, ga kuma itacen girki da azara idan an sassare rassan.

Sai ga farin 1984, shekarar da mutane suka sa wa suna El Buhari. A cikinta ne babban aikin Keita ya kankama, da kuɗin Italiya, a hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Maza sun watse cin rani, don haka mata ne suka fi yawa a bakin aiki. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a jikin tsaunuka, ana biyansu da abinci. An yi shingayen dutse a kan tudu, an gina madatsu a koramu don ruwa ya lafa ya nitse, rijiyoyin fadama su samu. Lissafin aikin ya nuna an dasa itace kusan miliyan 18, an kuma farfaɗo da ƙasa sama da hekta 34,000. Daga baya aikin ya faɗaɗa har cikin Buza.

Amma dabarar da ta fi shiga zuciyar talaka ba ta buƙatar katafila. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara ramin shuka, suka dawo suka inganta tasu tsohuwar tassa. Rami ne mai faɗin kamar taƙi ɗaya, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu tun da rani. Gara, wadda kowa ke zagi a rumbu, a nan ma'aikaciya ce: tana bin takin, tana huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Ramin na riƙe danshi a kwanakin da sama ta ɗauke, waɗanda su ne ke kashe hatsi yana ƙarami. Damina ta 1990 ba ta yi kyau ba, kuma gonakin tassa ne suka ba da abin kai wa rumbu. Maƙwabta suka gani da idonsu. Ba a daɗe ba fakon da a da ko kyauta ba mai so ya zama abin saye da sayarwa.

A shekarar wadata bambancin ba ya tayar da hankali. A shekarar fari ne ake gane shi, lokacin da 'yan dammuna kaɗan ke raba mai gida da sayar da akuyar ƙarshe. Sai dai aikin akwai karya ƙugu. Hekta ɗaya na cin dubban ramuka, a haƙa su cikin zafin bazara, kuma wanda ba shi da dabbobi ko amalanke taki na yi masa wuya. Haka rabin wata, ramin nan mai siffar jinjirin wata da ake yi a makiyaya da gonaki, sai an riƙa gyara bakinsa.

Nan ne rauni yake. Tassa da shingen dutsen cikin gona suna da mai su, shi ya sa ake kula da su. Madatsar korama kuwa ta kowa ce, idan ta tsage kowa na jiran wani. Ya kamata ƙananan hukumomi irin Tabotaki su sa gyaran madatsu cikin kasafin kowace shekara, a yi aikin da rani, kafin ruwan farko ya sauka.